Jami'ar Bincike ko Ta Koyarwa: Takardu Biyu a Hannun Uba

A ƙarshen watan Maris wani aminina, Bakatsine da ya daɗe da zama a Sakramento, babban birnin jihar Kalifoniya ta Amurka, ya tare ni a farfajiyar masallaci bayan an idar da Juma'a. Ya zaro takardu biyu daga aljihun gaba, duk sun sha ninki. Babbar 'yarsa ce ta samu gurbin karatu a wuri biyu, UC Davis da Sacramento State. Tsakanin makarantun tafiyar rabin awa ce a mota idan hanya ba cunkoso, doguwar gada ce ta raba su, wadda ta ratsa wata fadama da ake noman shinkafa.

Ya ce, "Malam, ni dai an ce mini wannan ta Davis ta bincike ce, waccan ta Sakramento ta koyarwa. To ita ta binciken ba ta koyarwa ne? In tana koyarwa, me ya sa kuɗinta ya ninka na 'yar'uwarta?"

Ba tambayar da za a amsa a tsaye ba ce, ana neman takalmi. Na ce ya bari in zo gida bayan Isha'i, a zauna har da yarinyar, tunda ita za ta yi karatun.

Wannan rabo na bincike da koyarwa doka ce ta kawo shi. A 1960 jihar Kalifoniya ta ga yaran da aka haifa bayan Yaƙin Duniya na Biyu sun kusa isowa ƙofar jami'a, kuma kowace kwaleji na hanƙoron zama jami'a don ta samu kaso mai tsoka daga baitulmali. Sai aka zauna aka raba aiki. Clark Kerr, shugaban Jami'ar Kalifoniya na lokacin, shi ya ja ragamar shirin, Gwamna Pat Brown ya sa hannu. Jami'ar Kalifoniya, wadda kowa ke kira UC, aka bar mata bincike da digirin digirgir da horar da likitoci da lauyoyi, kuma ta ɗebi ɗalibanta daga kashi ɗaya bisa takwas na sama cikin waɗanda suka gama sakandare. Kwalejojin jiha aka ce su riƙe koyarwa, digiri na farko da na biyu, su ɗiba daga kashi ɗaya bisa uku na sama. Saura kuma ga kwalejojin unguwa na shekara biyu, ƙofarsu a buɗe ga kowa. Waɗancan kwalejojin jiha su ne daga baya aka yi wa laƙabin jami'a suka zama California State University, wato CSU. Sacramento State na cikinsu, da sunan kwaleji aka kafa ta a 1947. Uwarsu duka, San José State, da makarantar horon malamai ta fara a 1857, ta girmi Berkeley, reshen UC na farko, da shekara 11. A yau UC na da rassa 10 da ɗalibai wajen 300,000, CSU na da rassa fiye da 20 da ɗalibai fiye da 450,000.

Abin da nake so iyaye su riƙe shi ne wannan: kalmar "bincike" da ke jikin sunan jami'a tana gaya maka aikin da ake biyan farfesa ya yi. Ba ta gaya maka abin da 'yarka za ta tarar a aji ranar Litinin da safe ba. Farfesan UC, idan aka ɗauke shi aiki, yana da shekara shida zuwa bakwai ya nuna abin da ya gano, ya wallafa a mujallun masana, ya janyo kuɗin bincike daga hukumomin gwamnatin tarayya. Da wannan ake auna shi kafin a tabbatar masa da kujerarsa. Ana duba koyarwarsa, amma ba ita ce ke yanke hukunci ba. Shi ya sa a fannoni da yawa kwas uku ko huɗu yake koyarwa a shekara sukutum, a fannin kimiyya ma ƙasa da haka. Takwaransa na CSU a ƙa'ida kwas huɗu yake ɗauka a zango ɗaya, takwas ke nan a shekara, sai in an rage masa don wani aiki. Wanda ya kwana ya tashi a aji ba zai zama ɗaya da wanda ya kwana ya tashi a ɗakin gwaje-gwaje ba, ko da kuwa jami'a guda ce ta yaye su biyun, kuma sau da yawa hakan take.

Na taɓa raka ɗan wani abokina laccar ilmin sinadarai ta 'yan aji ɗaya a wata babbar jami'ar bincike. Zauren kamar na fati, kujeru hawa-hawa, mutane ɗaruruwa. Farfesar na can ƙasa da ƙaramar makirfo maƙale a kwalar riga, kuma wallahi ta iya bayani, ni da na bar kimiyya tun sakandare sai da na fahimci rabi. Ta jefa tambaya a allo, kowa ya danna amsa a wayarsa, sakamakon ya fito nan take. Da lokaci ya cika mutum goma sha suka yi layi gabanta, kafin ta sallami na uku 'yan aji na gaba sun fara turowa ta ƙofa. Muna fita na tambayi yaron ko ta san shi. Ya yi dariya ya ce, "Kawu, ina za ta san ni? Mai duba takarduna wani ɗan Koriya ne, shi ma ɗalibi ne, digirin digirgir yake yi." Wannan ba baƙon abu ba ne. A Berkeley kwas ɗin farko na ilmin kwamfuta ya sha ɗaukar ɗalibai fiye da 1,500 a zango ɗaya, babu zauren lacca da zai ɗauke su gaba ɗaya, da yawa a bidiyo suke bi.

Su waɗannan manyan ɗalibai masu taimakon farfesa su ne ke riƙe da ƙananan azuzuwan tattaunawa da na gwaje-gwaje, su ke duba jarrabawa. An ga nauyinsu a fili a Nuwamban 2022, lokacin da ma'aikatan ilimi wajen 48,000 na UC, akasarinsu irin waɗannan ɗalibai, suka shiga yajin aiki na kusan mako shida a kan albashi. Jarrabawa ta rikice, sakamako ya makale. Wanda ya ga wata takwas na ASUU a wannan shekarar zai ce wannan ai wasan yara ne, amma ya nuna wa kowa hannun da ke tuƙa tuwon. Wasunsu malamai ne na gani na faɗa, sun fi farfesan haƙuri, don jiya-jiya suka bar kujerar da ɗalibin yake kai. Wasu kuma ranar da suka fara koyarwa ita ce ranar da suka fara tsayuwa gaban aji a rayuwarsu. Sa'a ce.

Sai ka kwatanta da wani aji da na zauna a wata jami'ar jiha, ƙarfe shida na yamma. Mutum talatin ne ko ƙasa da haka. Wata mata ta shigo da kayan asibiti a jikinta, daga aiki take. Wani ya ajiye hular kwano ta magina a ƙarƙashin kujera. Malamin injiniya ne a hukumar ruwa da rana, ya shigo yana kiran mutane da sunansu, ya tsaya kan wani ya ce, "Makon jiya ba ka zo ba, lafiya?" Misalan da ya kawo duk daga bututun da ya gyara ne da madatsar da ya duba. Ban ce kowane aji na CSU haka yake ba, su ma suna da manyan laccoci a shekarar farko, amma ajin mutum talatin zuwa arba'in shi ne abin da aka saba, kuma mai koyarwar shi ke duba takardarka.

Da na kai nan a zamanmu na bayan Isha'i, Alhaji, aminin nawa, ya tafa hannu ya ce, "To ai magana ta ƙare. Ga araha ga kulawa."

Na ce a'a, Alhaji, da sauran rina a kaba.

Abin da jami'ar bincike ke da shi, babu inda za ka saye shi. A UCLA, reshen UC na Los Angeles, aka aika saƙon farko na abin da ya zama intanet, ranar 29 ga Oktoba, 1969. A Berkeley Jennifer Doudna take, wadda ta ci kyautar Nobel a 2020 tare da Emmanuelle Charpentier kan hanyar gyara ƙwayoyin gado. Jami'ar har wuraren ajiye mota ta keɓe wa masu kyautar Nobel, an kafa musu allo. Kada ka ce wannan ya yi mana nisa. Waken da muke ci da shinkafa, a UC Riverside akwai masana da suka shafe shekaru suna nazarin irinsa tare da abokan aikinsu na Najeriya da Burkina Faso da Senegal da Gana, su ne suka jagoranci zayyana ƙwayoyin gadonsa. Marigayi Farfesa Russell Schuh, wanda ya fara zama a Nijar yana saurayi, ya koyar da Hausa a UCLA shekara da shekaru, ya yi ta zirga-zirga zuwa Yobe yana rubuta Bade da Ngizim da Bole da Karekare, har Allah Ya yi masa rasuwa a 2016. Ba makarantar da za ta bar mutum ya ƙarar da rayuwarsa kan harsunan Potiskum da Gashuwa sai wadda aka gina don haka. Ita kanta Davis da gonar gwaji ta jami'a ta fara, yau kuma a fannin noma da likitancin dabbobi tana sahun gaba a duniya.

Tambayar ita ce ko ɗalibar aji biyu za ta ɗanɗani wannan romon. Za ta iya. Ɗakunan gwaje-gwaje na ɗaukar ƙananan ɗalibai, a fara da wanke kwalabe da auna ruwan magani, bayan shekara a ba ka ɗan aikinka, mai rabo ma sunansa ya fito a takardar da aka wallafa. Amma ba mai zuwa ɗakin kwananka ya ƙwanƙwasa ya ce zo. Kai za ka karanta abin da farfesa ke yi, ka rubuta masa, ya yi shiru, ka rubuta wa na biyu, ka je ofishin na uku. Kamar kasuwar Kwari ce: babu abin da babu, amma wanda ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran a kira shi zai koma gida hannu rabbana.

A nan nake jin tsoro game da 'ya'yanmu, kuma a nan na fi daɗewa da su a wannan daren. Mun tarbiyyantar da su kan kunya. Yaro ba ya kallon babba ido cikin ido, ba ya katse shi, ba ya ce masa ban gane ba sau biyu. A gida wannan ado ne. A jami'ar Amurka kowane malami na da awanni a mako da dole ya zauna a ofis ƙofa a buɗe yana jiran ɗalibai, kuma sau tari zaman banza yake yi, ba mai zuwa sai jarrabawa ta ƙarato. Ɗan Ba'amurken da iyayensa suka yi jami'a ya san ɗakin nan nasa ne, ya shiga ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, bayan shekara biyu shi ake rubuta wa takardar shaida mai zafi. Namu yana wucewa ta ƙofar yana jin nauyi, wai kada ya dami malam. A ajin mutum talatin, malami zai lura da mai shiru, ya jawo shi. A zauren mutum ɗari huɗu mai shiru zai yi shekara huɗu ya karɓi digiri mai babban suna, ba farfesa ɗaya da zai gane fuskarsa a hanya. Ga kuma gaggawa: banda Berkeley da Merced, rassan UC zangon mako goma suke bi, mako na uku ko na huɗu an fara jarrabawar tsakiya. Wanda zazzaɓi ya kwantar mako guda ya rasa kashi goma na kwas. Sacramento State da kusan duk CSU zangon mako goma sha biyar suke yi, akwai filin faɗuwa a tashi.

Ita ma ta koyarwar tana da nata tabon, kuma masu yabonta ba su cika faɗa ba. Kaso mai yawa na masu koyarwa a CSU ba farfesoshi ne masu kujerar dindindin ba, malaman kwantiragi ne, wasu na ɗaukar kwas biyar a zango, wasu na koyarwa a makarantu biyu ko uku don albashi ya kai wata. Malamin da ya san sunanka bana ba lallai ka same shi baɗi ba. Kwasa-kwasan dole kan cika tun kafin a kai kanka wajen rajista, ka jira wani zango. Kuma alƙaluman kammalawa ba su da daɗin ji: cikin waɗanda suka shiga CSU daga sakandare, kusan kashi 35 ne ke gamawa a shekara huɗu, kusan kashi 62 a shekara shida. A UC masu gamawa a shekara huɗu sun haura kashi 70. A yi adalci dai, a 2015 na CSU kashi 19 ne, an yi ƙoƙari. Kuma yawancin bambancin daga rayuwar ɗaliban yake: matar nan mai kayan asibiti ba za ta ɗauki kwas biyar a zango ba, tana da aiki tana da yara. Duk da haka, ɗalibi kan bi takun abokan tafiyarsa. Idan kowa a kusa da kai yana karatu rabi aiki rabi, kuma ƙarfe uku harabar ta watse kowa ya kama motarsa, shekara ta biyar kan shigo ba sallama. Shekara ta biyar kuwa kuɗi ce.

Kuɗin ga yadda suke. A shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, sabon ɗalibi mazaunin Kalifoniya ya biya UC kusan dala 14,500, CSU kuma dala 6,084, kowace da 'yan ƙarin kuɗaɗen reshe a kai. UC na daskarar da kuɗin a kan abin da ka shiga da shi har shekara shida, CSU kuwa a 2023 ta amince da ƙarin kashi 6 duk shekara har shekara biyar. Amma farashin da ke kan allo ba shi ne abin da ake biya ba. Iyali mai ƙaramin ƙarfi da ke zaune a jihar, tallafin jiha da na tarayya da na jami'ar kan shafe kuɗin makarantar gaba ɗaya a wuraren biyu, kuma da yake UC ta fi kuɗi a asusu, wani lokaci ita ce ke fitowa da sauƙi. Na sa Alhaji ya kawo takardun tallafin, muka ware abin da yake kyauta daga abin da yake bashi, don a takarda ɗaya suke jera su kamar duk alheri ne. Bashin karatu na Amurka da ruwa yake, ga wanda ke gudun riba wannan layin shi ne farkon abin dubawa. Abin da ya fi cin kuɗi ma ba makarantar ba ce, ɗaki ne da abinci. A Berkeley ko Santa Cruz haya kaɗai na iya haura kuɗin makaranta. A Fresno ko Bakersfield da sauƙi, in dai za ka jure zafi irin na Sakkwato.

Sana'ar da ake nufa ita ma tana raba gardama, kuma a nan babban suna kan yaudari mutum. Mai son aikin jinya, a duk UC rassa biyu kacal ke ba da digiri na farko a fannin, UCLA da Irvine. Davis ba ta yi. Sacramento State na yi, sai dai gurbin ya yi ƙaranci, samun shiga jami'ar daban, samun shiga sashen jinya daban. Mai son koyarwa, kusan rabin malaman makarantun jihar CSU ce ke horar da su. Injiniya, abin dubawa shi ne ko ABET, hukumar da ke tantance karatun injiniya, ta amince da sashen, in ta amince digirin na da daraja a wajen masu ɗaukar aiki, kuma kamfanonin fasaha da ke kewaye da San José sun daɗe suna ɗibar 'yan San José State. Wanda kuwa zuciyarsa ke kan digirin digirgir, ko fannin da ba kowa ke koyarwa ba, ko yake son ya zama mai gano abu da kansa, jami'ar bincike gidansa ce, don masu zaɓen ɗaliban digirin digirgir abin da suke fara nema shi ne wa ka yi aiki a ƙarƙashinsa, me ya ce a kanka.

Likitanci, wanda shi ne burin Alhaji kamar kowane uba, ya fi rikitarwa. A Amurka ba a shiga karatun likita daga sakandare, sai an gama digiri na farko, sannan a nema da makin da aka tara da jarrabawar shiga karatun likita (MCAT) da takardun shaida. UC na da makarantun likitanci shida, CSU ba ta da ko ɗaya. Amma zama ɗalibin Davis ba ya buɗe maka ƙofar makarantar likitancin Davis, layi ɗaya za ka bi da kowa. Kuma a manyan azuzuwan sinadarai da ilmin halittu kana gogayya ne da ɗaruruwan yaran da kowanne shi ne na ɗaya a sakandarensu. Maki mai kyau daga ƙaramar makaranta ya fi maki tsaka-tsaki daga babba amfani a wannan layin. A ɗaya hannun, masu ba da shawara kan harkar da ɗakunan bincike sun fi yawa a Davis. Abin dariya, babban asibitin koyarwa na UC Davis a cikin Sakramento yake, ya fi kusa da Sacramento State nesa ba kusa ba.

Masana tattalin arziki sun auna wannan tambaya. Stacy Dale da Alan Krueger sun bi ɗaliban da manyan jami'o'i suka karɓa amma suka zaɓi ƙanana, suka tarar daga baya albashinsu bai bambanta da na waɗanda suka tafi manyan ba. Wato yaron ne ke ɗauke da abin, ba ginin ba. Sai dai sun samu togaciya, kuma ta shafe mu: ga baƙaƙen fata da 'ya'yan talakawa da waɗanda iyayensu ba su yi zurfin karatu ba, babbar makaranta na ƙara wani abu, mai yiwuwa don ita ke haɗa su da mutanen da gidansu ba zai haɗa su da su ba. A wani nazarin na Raj Chetty da abokansa a 2017, da aka tambayi wace makaranta ce ta fi ɗauko 'ya'yan talakawa da yawa ta kai su sama, Cal State LA, reshen CSU na Los Angeles, ita ce ta zo ta ɗaya a duk Amurka. Duka biyun gaskiya ne.

Katangar 1960 ɗin ma ta fara tsagewa. Tun 2005 aka yarje wa CSU ba da digirin dakta a fannin ilimi, a 2025 kuma reshenta San Diego State ta shiga rukunin farko na jami'o'in bincike na ƙasar. Cal Poly da ke San Luis Obispo, ita ma reshen CSU, ta fi wasu rassan UC wuyar shiga. Don haka kada a auna UC da CSU a dunƙule, a auna wannan sashe na wannan reshe da wancan. Akwai ma hanya ta uku da na ambata musu a taƙaice: shekara biyu a kwalejin unguwa kan dala 46 kowane ma'aunin kwas, sannan a tsallaka, rassan UC shida ciki har da Davis na ba da tabbacin karɓa ga wanda ya cika sharuɗɗa. Alhaji ya yamutsa fuska. Me zai ce wa 'yan'uwa a Katsina?

Duk wannan bayani yarinyar na gefen mahaifiyarta tana saurare. Na juya na ce, "'Yata, in malami ya yi bayani ba ki gane ba, me kike yi?"

Kafin ta buɗe baki uwar ta amsa. "Wannan? Ai malamin lissafinsu har ya gaji da ita. Bayan an tashi sai ta tsare shi, ni ina mota ina jira."

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Kawu, ni ba likitan nake so ba sosai. Ina so in san abin da ya sa magani ke aiki a jikin wani ya ƙi aiki a jikin wani."

Na ce wa Alhaji wannan 'yar Davis ce. Mai tsare malami a bakin aji ba za ta ɓata a zauren mutum ɗari huɗu ba, kuma tambayar da ta yi a ɗakin gwaje-gwaje ake amsa ta. Da muka yi lissafi, bayan tallafi tazarar kuɗin ba ta kai yadda ya zata ba, musamman da yake za ta iya kwana a gida ta bi bas ta tsallaka gadar nan kullum. Ƙaninta kuwa, da na ga yadda ya gaishe ni yana kallon ƙasa ya sulale ɗaki, in lokacinsa ya zo shawarata za ta bambanta, kuma ba don ya fi ta ƙarancin ƙwaƙwalwa ba.

Ina shirin tashi Alhaji ya ce akwai ɗan yayansa a Katsina, shi ma ana so a kawo shi. Wannan lissafi ne daban. Wanda ba mazaunin jihar ba, a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 UC ta ɗora masa ƙarin dala 34,200 a kan kuɗin da kowa ke biya, ya tasam ma 50,000 ke nan kafin ɗaki da abinci, kuma tallafin jiha da na tarayya ba su shafe shi ba. A CSU a wannan shekarar ƙarin dala 420 ne kan kowane ma'aunin kwas, wajen 12,600 a shekara, jimilla ba ta kai rabin ta UC ba. Bizar ɗalibi ba ta yarda ya yi aiki fiye da awa 20 a mako ba lokacin karatu, shi ma a cikin makaranta, ba abin da zai biya irin wannan kuɗi. Tun 2025 kuma gwamnatin Amurka ta tsaurara biza ga ƙasashen Afirka da dama, don haka a tabbatar da wannan kafin a biya ko sisi. Na ce in da ɗana ne, zan bar shi ya yi digirinsa na farko a Zariya ko Kano, ya fito da sakamako mai kyau, ya maƙale wa malami ɗaya mai bincike har ya san shi ciki da bai, sannan ya nemi digirin digirgir a irin su Davis. A wannan mataki a fannonin kimiyya jami'ar ce ke yafe kuɗin makaranta ta kuma biya shi albashi duk wata, shi ne ma zai riƙa duba takardun 'yan aji ɗaya.

Alhaji ya ninke takardun ya mayar aljihu. Ranar 1 ga Mayu ce ranar ƙarshe ta ba da amsa, ya ce kafin nan zai ɗauki hutun kwana ɗaya ya kai ta ta zauna a lacca a wuraren biyu, shi ma ya zauna a baya ya gani.